Yadda Hanyar Kibiya Ta Ci Zauren Lasau

Ku da kuka san Malam Ilu, kun san ba a barin sa shi kaɗai da katanga. Kana cikin gaisawa da shi, ina gajiya, ina iyali, sai ka ga idonsa ya bar fuskarka ya koma kan ginin da ke bayanka. Kafin ka ankara ya sa farce ya ƙwaƙulo 'yar ƙasa ya ɗora a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. Can sai ya tofar ya ce, "Ƙasar kududdufin yamma ce, an yi rowar ciyawa, kuma maginin sauri yake yi." In ka bincika, haka ɗin ne. Abin haushin ke nan, kullum haka ɗin ne. Shi ya sa duk Rano ba mai ce masa Ilu sai a gaban idonsa, yana ba da baya ya zama Lasau. Ni kuwa ko a gaban idon nasa Lasau nake ce masa, don taubashina ne, ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma kun san tsakanin ɗan mace da ɗan namiji babu girma, sai tsiya.

Magini ne ɗan magini. Da wani attajirin unguwarmu ya dawo daga Kurmi ya shafe gidansa da siminti, wanda shi ne farkon da muka gani a lungunmu, sai ya tara jama'a walima. Ana ta "Ma sha Allah", Lasau ya tashi ya je ya kanga bakinsa a jikin bangon, tunda farce ya ƙi kamawa. Ya lasa sau ɗaya, ya ƙara.

Maigidan ya ce, "Yaya, Malam Ilu?"

Ya ce, "Alhaji, Allah ya sanya alheri. Amma wannan katangar ba ta da uwa, ba ta da uba."

Ba a ƙara gayyatarsa gidan ba. Bai damu ba, ya ce dama tuwon ma simintin ya ji a ciki.

To, abin da zan ba ku yau labarin zaurenmu ne, don yaran yanzu suna wucewa ta kansa a kan babur ba su ma san an yi shi ba. Kakanmu ne ya gina shi. Soro ne mai ɗaurin guga, wato bakuna huɗu da suka taso daga bango suka haɗu a tsakiyar rufi, babu ginshiƙi ko ɗaya. Ka shiga da zafin bazara, sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwan randa. Lasau ne ya gaje shi, shi yake masa yaɓe duk shekara kafin ruwa ya sauka, ba ya yarda hannun kowa ya taɓa. Ni tela ne, kuma a gindin bakan gabas kekena yake tun da na koyi sana'a. A nan na ci, a nan na sha, a nan na aurar da 'ya'ya.

Ana gab da samun mulkin kai sai magana ta ɓulla cewa za a fasa hanyar mota daga kasuwa ta haɗe da hanyar garin Kibiya, kuma ko ta ina aka ja ta sai ta ratsa unguwarmu. Hankalin kowa ya tashi, don gidan wani ne zai tafi, ba a dai san na wa ba. Sai aka ce kafin a ja layi za a turo Bature ya duba garin tukuna. Ya zo, dogo siriri, da taswira a hammata da Hausarsa ta littafi. Kwana biyu aka yi aka sa masa Tambayau, don ko kaza ya gani sai ya tambayi ta wace ce.

A ƙofar mai unguwa ya yi bayani. Ya ce, "Ni ban zo in rushe ba. Na zo in san halin garin. Abin da ya sa Rano ta zama Rano, shi zan rubuta, don masu hanya su kauce masa."

Jama'a aka yi tsuru-tsuru. Wani ya ce a hankali, "Yo gari ma hali gare shi?"

Lasau ya waiga ya harare shi. "Kai da ba ka da shi ne kake mamaki."

Ran nan bayan la'asar ya tare mutane a ƙofar masallaci. Ya ce, "Ku saurara. Mutumin nan duk abin da ya fito daga bakinka rubutawa yake. Ku kuma ba ku san maganar da ake faɗa da wadda ake haɗiyewa ba. Daga yau kowa ya kama bakinsa. Ya tambaye ka, ka ce a tambayi Malam Ilu. Ko sunanka ya tambaya, ka turo shi wurina." Mai unguwa, wanda dama neman wanda zai ɗora wa kayan yake, ya ce ya yi daidai. Haka Lasau ya naɗa kansa bakin unguwa, babu rawani babu tambari.

Gaskiya dai, in ban faɗa ba na zalunce shi, ya koya wa Baturen nan abu. Ranar farko Tambayau ya tsaya gaban gidan siminti yana gyaɗa kai, ya ce wannan ya yi kyau. Lasau ya ja hannun rigarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, idonka baƙo ne a garin nan. Kada ka yarda da shi. Ni za ka riƙa tambaya." Bature ya rubuta har wannan.

Da suka shiga lungu ya ce, "Malam, me ya sa hanyarku ba ta miƙewa?"

"Kai in ka fito daga gidanka kana so ka hango tukunyar maƙwabcinka?"

"A'a."

"To shi ma ba ya so. Saura kuma ka dawo da azahar."

Da azahar ɗin ya kai shi miƙaƙƙen titin da ke gaban gidan saukar baƙi, ya tsayar da shi a tsakiyar rana, shi kuma ya koma gindin bishiyar maina ya zauna. Sai da kunnuwan bawan Allah suka yi jawur sannan ya jawo shi cikin lungu, inda duk kwanar da ka sha akwai inuwar da ke jiranka. Ya ce, "To, tsakanin wanda ya ja wancan da wanda ya ja wannan, wa ya fi hankali?" Ya nuna masa yadda kowane indararo ke zubar da ruwa a lungu, lungu ya miƙa wa lungu, har ya faɗa kududdufi, kududdufin kuma shi ne ramin da aka haƙi ƙasar ginin gidajen. Tambayau ya zauna a dakalin wani yana ta rubutu har alƙalami ya ƙafe.

Matsalar ta fara ne ranar da Lasau ya gane sirrin fensir. Ya lura in Bature ya ji abin da ya burge shi, sai ya zaro wani koren fensir ya zagaye wurin a taswira. Ya tambaya, aka ce masa duk inda aka zagaye da kore, hanya ba za ta taɓa shi ba. Ya dawo zaure idonsa na ƙyalli ya ce, "Tela, na gano inda maganin yake."

Washegari suka isa gidan Iya Hansai. Kun tuna ta, tsohuwar nan da mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika a gari, daga ita sai awakinta. Gidan ɗaki ɗaya ne da ɗan garke, kuma kowa ya san in za a ja layi a miƙe, ta kansa zai bi. Na bar ɗinki na bi su don in ga ƙarshen abin. Lasau ya tsaya a bakin garken, ya cire hula, ya yi ƙasa da murya.

"Ranka ya daɗe, a nan mutanen farko da suka sauko daga kan dutse suka fara kafa murhu. Kafin a yi ganuwa, kafin a yi kasuwa, nan ne Rano."

Na kusa shaƙewa. Katangar garken nan shi da kansa ya gina mata bara waccan, ni na miƙa masa ruwa.

Tambayau ya ce, "Yaya aka sani?"

"Ɗanɗana ka ji."

Wallahi tallahi, Baturen nan ya sa farce ya ƙwaƙula ya kai baki. Ya yamutsa fuska ya ce, "Akwai gishiri."

"Tsufa ne, ranka ya daɗe. Katanga in ta kwana biyu gishiri take yi."

Wani bunsuru na tsaye a gindin katangar yana ƙara mata tsufa a daidai lokacin. Kore ya zagaye gidan Iya Hansai.

A hanya na ce, "Lasau, ba ka jin tsoron Allah? Ƙarya da furfura?"

Ya ce, "Wace ƙarya? Yaɓe ne. Gini in ya yi rauni yaɓe ake masa." Daga ranar ya shiga yaɓe ba ji ba gani. Rijiyar da ta ƙafe ta samu labari, kukar da ake shanya fata a gindinta ta samu labari. Kuma kada ku ɗauka abin ya mutu. Ko bara wasu ɗalibai sun zo daga Kano da kwafin takardar nan suna neman murhun farko na Rano, suka yi ta ɗaukar hoton awakin wanda ya gaji gidan.

Wanda muka zuba ido mu gani shi ne Malam Tanko marini. Shekara da shekaru ba sa ga maciji da Lasau, a kan wani indararon Tanko da ke zuba a bayan katangarmu. Ko a jana'iza suka haɗu, ɗaya na wannan sahu ɗaya na wancan. Da aka zo karofinsa, wato ramukan da yake rini, Tanko na tsaye hannuwa shuɗi har gwiwa, ga baki an hana shi buɗewa. Kowa ya ce yau Lasau zai rama.

Lasau ya ɗaure fuska tamau, ya juya wa Tanko ƙeya, ya ce, "Rubuta. Garin nan da rinin baba aka san shi. Ka cike ramukan nan, ka cire wa Rano suna. Mai su ba shi da kirki, amma ramukan na da shi."

Tambayau ya ce, "In rubuta duka?"

"Rubuta duka, kada ka rage."

Kore ya zagaye karofi. Tanko ya rasa godiya zai yi ko zagi, sai ya tsoma hannu a rami ya ci gaba da aikinsa.

Ranar ƙarshe aka zo zaurenmu. Maƙwabta sun taru a ƙofa, har da Tanko daga nesa. Ina kan keke ina ɗinka wata taguwa. Tambayau ya sunkuyo ya shigo, ya ɗaga kai, sai ya yi shiru. Tunda ya zo garin ban taɓa ganin ya yi shiru ba. Ya bi bakunan nan da ido ɗaya bayan ɗaya, hannunsa ya tafi aljihun da koren fensir yake. Ya ce, "Malam, wannan fa?"

To, ku kun san yadda abin yake a wurinmu. Mutum ba ya yabon nasa. In aka yaba ɗanka, ka ce ai shashasha ne. In aka yaba gidanka, ka ce ɗan wurin fakewa ne. Kai naka ka ƙasƙantar, sai na gefe ya ce haba, ya ɗaga maka shi. Haka aka saba, kowa ya san rabonsa a cikin maganar.

Lasau ya kau da kai ya ce, "Wannan? Ɗan kango ne muke fakewa."

"Tsoho ne?"

"Haba, jiya-jiya."

"Wa ya gina?"

"Wani tsoho ne da ya rasa aikin yi."

Ya faɗa, yana jiran na gefe. Na ga idonsa ya zagaya ƙofa. Na gefen kuwa duk sun kama bakinsu, yadda ya umarce su a ƙofar masallaci. Mai unguwa ya buɗe baki ya rufe. Kowa na kallon ƙasa, kowa na jiran wani.

Tambayau bai gamsu ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Kai mai ɗinki, haka ne?"

Jama'a, a nan ne na yi abin da har yau nake nadamarsa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin an ambaci wani abu na Lasau na bar shi ya wuce ba tsiya ba. Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ƙwarai, ranka ya daɗe. Kango ne, kamar mai shi."

Aka kwashe da dariya, har da Lasau. Bature bai yi dariya ba. Ya ƙara ɗaga kai ya kalli rufin, ya kalli mutumin da ya ce masa kada ya yarda da idonsa, ya mayar da fensir aljihu. Mu kuwa ko a jikinmu. Mun ɗauka ko makaho ya shiga zauren nan ya san abin da ya shiga.

Aka yi mulkin kai, Tambayau ya koma ƙasarsu, takardarsa ta zauna a ofis. Bayan damina biyu sai ga ma'aikata da turaku da igiya. Unguwa duk kore, gabas kore, yamma kore, wuri ɗaya tak ya rage fari a taswira. Turken farko a bakin ƙofar zaurenmu aka kafa shi.

Injiniyan da ya zo da su Bahaushe ne ɗan'uwanmu. Ya shiga zauren, ya ɗaga kai, ya ce, "Innalillahi! Wane ne ya ce wannan kango ne?"

Na ce, "Ga shi nan a zaune."

Ya durƙusa gaban Lasau ya buɗe taswira. Ya ce, "Baba, akwai mafita ɗaya. In na karkata layin kaɗan, zauren ya tsira. Amma sai ya bi ta gidan tsohuwar can, kuma takarda ta ce nan ne murhun farko na garin. Ni na ga katangar, ban kuma ce komai ba. In kai da ka faɗa ka ce ba haka ba ne, yau zan sake rubutu."

Lasau ya sunkuya yana duban taswirar. Labari ya kai wa Iya Hansai, sai ga ta da sandarta, ta tsaya a ƙofa tana haki. Ta ce, "Ilu, ka faɗa masa gaskiya. Ni kwana nawa ya rage mini? Ko a rumfar wani na ƙarasa. Ginin kakanka ne fa."

Ya ce, "Iya, wace gaskiya? Kina nan aka kafa garin?"

"Ilu!"

"To ni ma ba na nan. Abin da na ji na faɗa. Malam injiniya, ja igiyarka."

Tanko ya zo ya yi ta masifa, wai shi zai tara mutane a je wurin hakimi. Lasau ya ce masa ya fara zuwa ya gyara indararonsa. Ni na roƙe shi har da hawaye, ya ce in tashi in kwashe tsummokarana.

Abu ɗaya ya nema, kada lebura ya sa diga a jikin zauren. Ya ce shi zai sauke shi. Injiniya ya ba shi lokaci. Ya hau da kansa, da tsufansa, ya fara daga sama, yana ɓamɓare ƙasa yana zare azara ɗaya bayan ɗaya yana miƙo mini. Kwana na uku sai ga Tanko ya zo ya tsaya kusa da ni ya miƙa hannu, ba sallama ba gaisuwa. Lasau ya leƙo ya gan shi, ya miƙo masa azara, ya ce, "Riƙe da kyau, kada ka shafa mata baba." Haka muka yi kusan wata guda. Azarar ko ɗaya gara ba ta taɓa ba.

Ranar da bakan ƙarshe ya sauka, mutane suka watse, aka bar mu mu biyu a kan tarin ƙasa, rana na dukanmu a inda ba ta taɓa dukan kowa ba. Na kasa kallonsa. Na ce, "Yaya Ilu, ka yafe mini. Da na yi shiru ranar nan."

Ya ce, "Da ka yi shiru da na aika a kira maka wanzami, don na san ba lafiya ba." Ya kakkaɓe hannunsa. Ya daɗe yana kallon filin. Sai ya waiga hagu, ya waiga dama, ya tabbatar babu kowa, ya matso kusa da kunnena kamar mai faɗar abin kunya.

Ya ce, "Habu, tsohon nan ya iya gini. Wallahi na zaga har Kano, ban ga irinsa ba."

Sau ɗaya ke nan na ji ya yabi abinsa a duniya, kuma ni kaɗai na ji. Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa, kuma yanzu ma da nake ba ku labarin ga shi yana neman dawowa.

Allah ya jiƙan Malam Ilu. Yadda ya rufa wa tsohuwar nan asiri, Allah ka rufa masa nasa. Ka yafe masa yaɓensa, ka yafe mini bakina, ka ba shi inuwar da babu mai ja mata layi. Amin.